Ƙanena na so in tsaya masa ya ci bashin mota: me zai hau kaina?

Tambaya: Ni malamar makarantar gwamnati ce, ina zaune a Mamobi. Ƙanena yana son ya karɓi bashi a wani kamfanin ajiya da lamuni ya sayi Toyota Vitz ya riƙa yin haya da ita a manhajar Bolt. Sun ce sai ya kawo ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa, shi ne mahaifiyarmu ta ce ni zan tsaya. Shi yana cewa sa hannu ne kawai, idan abu ya ɓaci motar za su ɗauka. Haka ne? Sunana zai shiga takardun motar? Idan ya daina biya ina da ikon karɓe ta? Kuma zan iya janyewa daga baya?

Amsa: Malama, kin kyauta da kika yi tambaya tun alƙalami bai taɓa takarda ba. Na daɗe ina aiki a sashen ba da bashi da karɓo shi a nan Akra, kuma yawancin masu kawo mini irin wannan magana sai an fara yankar albashinsu suke zuwa.

Maganar ƙanenki cewa sa hannu ne kawai ba haka take ba. Ban ce ƙarya yake shara miki ba, shi ma abin da ya ɗauka ke nan. Mu mutanen zango akwai fahimtar da muka taso da ita game da tsaya wa mutum. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanta Risala ya ji cewa mai lamuni shi ne mai biya, amma ba a bin sa sai wanda ya ci bashin ya rasa abin biya ko an neme shi an rasa. Wato a wurinmu mai tsayawa yana sahun baya ne: a fara da mai bashi, a sayar da abin da yake da shi, sannan a waiwayo. Takardar kamfani ba ta san wannan jeri ba. Kusan kowace takardar garanto, wato ta mai tsayawa, da na taɓa riƙewa tana ɗauke da kalmomin nan "jointly and severally", ma'ana bashin yana kanku ku biyu tare, kuma yana kan kowannenku shi kaɗai, gaba ɗayansa. Sau da yawa a ƙasa kaɗan za ki ga an ƙara cewa za a ɗauke ki tamkar ke kika ci bashin da kanki. Da zarar kin sa hannu a ƙarƙashin waɗannan, kamfanin na da damar tsallake ƙanenki da motarsa ya zo ƙofarki kai tsaye. Ba rabi zai nema ba, duka ne, da kuɗin ruwa, da tarar jinkiri, da kuɗin lauyansu in takardar ta faɗi haka.

Ki tambayi kanki me ya sa suka nace sai ma'aikacin gwamnati. Direban Bolt yau yana Nima, gobe yana Kasuwa, jibi an ce ya tafi Kumasi. Mota kuwa tana iya faɗawa kwata. Albashinki shi ne abin da ba ya motsi, duk ƙarshen wata yana fitowa daga ofishin Kwanturola mai biyan ma'aikatan gwamnati. Ke ce ainihin jinginar, motar ƙari ce. Saboda haka ki duba ko cikin takardun akwai wadda ke ba su izinin cire kuɗi daga albashinki ko asusunki. Idan kuma suka ce ki bar musu cek da kika sa wa hannu ba a rubuta adadi ba, kada ki yarda ko da wasa. Bashi shi kansa shari'ar kuɗi ce, ba a kulle mutum a ofishin 'yan sanda don ya kasa biya. Amma cek ɗin da aka kai banki ya dawo babu kuɗi laifi ne a dokar manyan laifuka ta Gana, kuma sunan da ke jikin cek ɗin shi za a nema.

Yanzu batun "motar za su ɗauka". Za su ɗauka ɗin, amma bari mu yi lissafi na misali. A ce motar sidi 120,000 ce, ya ba da kafin alƙalami 30,000, an ba shi bashin 90,000 na wata 24, ruwa kashi 4 cikin ɗari a wata. Idan ruwan irin wanda ake ɗora shi a kan asalin kuɗin ne har ƙarshe, ba a kan abin da ya rage ba, kowane wata ruwa kaɗai 3,600 ne, a wata 24 ya zama 86,400. Jimillar abin da za a biya 176,400, wato 7,350 duk wata, kafin mai, kafin kason Bolt, kafin a je Abossey Okai neman kayan gyara. Wannan adadin na 176,400 shi kike tsaya wa, ba 90,000 ba. To a ce ya biya wata goma ya tsaya. Motar da ta shekara tana zirga-zirga dare da rana tsakanin Circle da Madina ba za ta yi kuɗin da aka saye ta ba, ballantana a gwanjo. Idan an sayar da ita abin da aka samu bai rufe bashin ba, cikon yana nan a matsayin bashi, kuma kin san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ki kuma tambaya ko ruwan tsayayye ne ko mai hawa da sauka. Waɗanda suka tsaya wa mutane kafin 2022 a kan ruwa mai motsi sun ji a jikinsu: hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disambar 2022, Babban Bankin Gana ya kai ma'aunin ruwansa kashi 30 a Yulin 2023, biyan wata-wata ya yi ta kumbura alhali ba wanda ya sake sa hannu a komai.

Doka ba ta bar mai ba da bashi ya yi yadda ya ga dama ba. Dokar masu ci da masu ba da bashi ta 2020, mai lamba 1052, wadda ta maye gurbin ta 2008, ta wajabta masa ya ba da takardar bayani tun kafin a ƙulla yarjejeniya, mai nuna asalin kuɗi, ruwa, sauran caje-caje da jimillar abin da za a biya. Ki ce sai kin gan ta da idonki. Dole kuma ya yi rajistar jinginar motar a ofishin rajistar jingina da ke ƙarƙashin Babban Banki. Idan an daina biya, sai ya aika sanarwa a rubuce ya ba da kwana 30. Bayan nan yana iya sayar da motar ba tare da zuwa kotu ba, muddin ya bi ta wannan ofishin ya samu takardar rashin ƙin amincewa. Abin da ya yi rara bayan an cire bashi da kuɗin ɗawainiya na ƙanenki ne. Sai dai ki lura, sanarwar nan wurin wanda ya ci bashin take zuwa. Na sha ganin mai tsayawa bai san an yi wata huɗu ba a biya ba sai ranar da aka kira shi, tara ta riga ta taru. Shi ya sa nake cewa a rubuta a takardar cewa duk watan da aka tsallake za a sanar da ke, da lambar wayarki da adireshinki.

Sai tambayarki ta biyu, wadda a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Takardar bashi daban, takardar mota daban, kuma ofisoshi biyu ne da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Sa hannun garanto bai ba ki ko madubin motar ba. Mallaka tana wurin DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, a takardun da mutane suka saba kira Form C da katin rajista. Sunan da aka rubuta a can shi hukuma ta sani. Masu ba da bashin mota da yawa suna sa a yi rajistar da sunansu haɗe da na wanda ya ci bashin, su riƙe takardun asali a wurinsu har a gama biya. Ke ba kya ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, in dai an bar abin yadda kamfani ya tsara shi.

Za ki iya cewa to a sa sunana a takardun motar mana. Ana iya neman haka, da yardar kamfanin, kuma amfaninsa a fili yake: ba za a canza mallakar motar a DVLA ba tare da ke ba. Amma yana da nasa nauyin, kuma ni ba kowa nake ba wannan shawarar ba. Ranar da motar ta buge mutum a titi, lauyan wanda aka buge direba da mai mota yake haɗawa a ƙara, kuma sunan da ke DVLA shi ne shaidar farko ta wane ne mai mota. Idan aka nuna cewa direban aiki yake yi miki, ko kuna raba abin da motar ta kawo, diyya na iya hawa kanki. Mai tsayawa zalla ba shi da wannan damuwar: bashi kaɗai ya sani, haɗari da tarar hanya ba nasa ba ne. Saboda haka zaɓi ne tsakanin riƙe linzamin motar da ɗaukar alhakinta. Idan kin zuba kuɗinki a kafin alƙalami, sunanki ya cancanci shiga. Idan ba ki zuba ko kwabo ba, akwai hanyar da ta fi sauƙi, zan zo kanta.

Ko da sunan wa aka yi rajistar, ku je DVLA da ƙafarku, ko ofishin 37 ko na Weija, ku biya a taga ku karɓi rasit. Yaran nan masu tare mutane a bakin ƙofa, waɗanda duk Gana ke kira goro boys, suna iya kawo muku takarda mai kyan gani wadda ba ta cikin kwamfutar hukuma. Idan motar ta hannu ce, wato an taɓa yi mata rajista a Gana, a bincika lambar bodinta a DVLA da kuma ofishin rajistar jingina, don kada a sayi motar da wani banki ke bin ta bashi. Binciken kuɗi kaɗan ne.

Inshora kuwa ita ce garkuwarki ta gaskiya, kuma ita aka fi sakaci da ita. Doka tun 1958 ta tilasta inshorar kare wasu, amma wannan ba ta biyan ko sisi idan motar kanta ta ƙone, ko an sace ta, ko ta yi raga-raga. Cikakkiyar inshora ake bukata. Kamfani zai tilasta ta a shekarar farko. A shekara ta biyu ne direbobi ke zamewa su koma ƙaramar don tsada. Daga nan sai mota ta mutu, bashi na nan da ransa. Kuma a gaya wa kamfanin inshora gaskiya cewa motar haya za a yi da ita, domin in an yi mata inshorar motar gida aka yi haɗari da fasinja a ciki, suna da hujjar ƙin biya. Ba sai kin roƙi ƙanenki ya nuna miki takarda ba: ki danna *920*57# a wayarki, ki sa lambar motar, za ki ga ko inshorar tana aiki da ranar ƙarewarta. Ki tambayi kamfanin kuma ko bashin yana da inshorar rai. Idan babu, aka yi rashin sa'a ya rasu, Allah ya kiyaye, bashin zai bi abin da ya bari, kuma tsayawarki ba ta faɗi ba.

Kin tambaya ko za ki iya karɓe motar idan ya daina biya. A matsayin garanto kawai, a'a. Idan kika tura samari suka ƙwace makulli, ke za a kai ƙara. Haƙƙinki yana farawa ne bayan kin biya. Duk abin da kika biya a madadinsa bashi ne a kansa, kina iya bin sa har kotu, kuma a dokar ƙayyade lokaci ta 1972 shekara shida ce wa'adin irin wannan ƙarar. Idan kika biya bashin gaba ɗaya, kin hau kujerar kamfanin: jinginar da yake riƙe da ita a kan motar ta koma hannunki. Idan ku biyu kuka tsaya masa kika biya fiye da kasonki, ɗayan zai cika miki. Akwai kuma ƙa'idar da ke cewa idan mai ba da bashi da mai ci suka canza yarjejeniya a bayan idon mai tsayawa, kamar ƙarin kuɗi ko ƙarin wa'adi, mai tsayawa ya fita. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai lauyoyin kamfanoni sun san ta, shi ya sa suke cusa layin da ke cewa kin yafe ta tun yanzu. Ki neme shi ki ce a soke.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, Malama. Wace 'yar zango ce za ta maka ƙanenta a kotu, uwa na raye, dangi na kallo? Haƙƙin yana nan a takarda, amfani da shi ne ke da wuya. Shi ya sa hanyar da na ce ta fi sauƙi ita ce ku yi taku yarjejeniyar daban, ke da shi, a rubuce, gaban lauya ko kwamishinan rantsuwa, da shaidu biyu daga cikin manyan gida. A rubuta cewa idan ya tsallake wata biyu zai miƙa motar da kansa a sayar da ita da sanin kamfani tun tana da daraja, cewa makulli na biyu yana hannunki, cewa idan an sa wa motar na'urar bin sawu ke ma za ki riƙa gani a wayarki, kuma duk abin da kika biya zai mayar. Wanda ya ce wannan rashin yarda ne, a tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Tun ran gini ran zane.

Akwai wani dattijo a Nima da ba na mantawa da shi. Ya tsaya wa ɗan 'yar'uwarsa aka sayi motar haya ƙirar Sprinter, yaron ya yi ƙoƙari ya biya tas. Dattijo ya ɗauka an rabu lafiya. Bayan shekara biyu yaron ya koma wurin nan ya karɓi wani bashin ya ƙara mota, wannan karon abin ya ƙi. Sai ga wasiƙa a gidan dattijo. Ashe takardar da ya dangwala wa yatsa irin wadda ake kira "continuing guarantee" ce, tsayawa mai ci gaba, wadda ta rufe duk bashin da yaron zai ci a wurin, na yanzu da na gaba, kuma ba wanda ya je ya soke ta. Abin da ya taimake shi a sulhu shi ne ba ya karanta Turanci, ko da yake Larabci da ajami kamar ruwa, kuma babu shaidar an karanta masa an fassara masa, alhali dokar kare waɗanda ba su iya karatu ba, tun ta 1912, ta wajabta haka. Ke malamar makaranta ce, wannan ƙofar a rufe take gare ki. Abin da kika sa wa hannu za a ɗauka kin karanta kin gane. Don haka ki nace a rubuta cewa tsayawarki ta wannan bashin ce kaɗai, da lambarsa da ranarsa, kuma da iyakar adadin da ba za a wuce ba. Wasu kamfanonin za su ce fom ɗinsu ba a taɓa shi. Wasu kuma za su yarda in sun ga za ki tashi ki tafi.

Janyewa daga baya kuwa ba a hannunki take ba. Da zarar an ba da kuɗin, ba ki fita sai an gama biya, ko kamfanin ya yarda a rubuce ya karɓi wani a madadinki, ko ƙanenki ya samu wani wurin ya biya wannan bashin da sunansa shi kaɗai. Faɗa tsakaninku bai soke ta ba, canjin wurin aiki bai soke ta ba. Ko kamfanin ya rushe ma bashi bai mutu ba: da Babban Banki ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da bashi 347 da kamfanonin ajiya da lamuni da makamantansu 23 a 2019, wanda aka naɗa ya tattara kadarorinsu ya ci gaba da bin mutane. A ɗaya ɓangaren kuma, dokar yarjejeniya ta 1960 ta ce tsayawa ba ta ƙulluwa sai a rubuce da sa hannun mai tsayawa, in ban da wadda aka yi bisa tsarin al'ada da aka sani. Wato idan sun kira ki a waya kika ce e, ƙanena ne, mutumin kirki ne, wannan shaida ce kawai. Har yanzu ba abin da ya hau kanki.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa wa malamai ba: bashin nan na iya bin sunanki zuwa kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, irin su XDS Data, tunda yanzu komai da Ghana Card ake yi. Ranar da kika je neman naki bashin, na fili ko na kuɗin makarantar yara, sai a ce miki akwai nauyi a kanki.

Idan kuma ya fasa zuwa kamfani ya koma tsarin yi-aiki-ka-biya da wani mai mota, wanda 'yan tasha suka fi sabawa da shi, lissafin ya ɗan bambanta. Motar tana nan da sunan mai ita har a gama biya, kuma in yarjejeniyar ta haya ce mai ƙarewa da saye, dokar 1974 ta ce da zarar an biya rabin kuɗin, mai mota ba shi da ikon ƙwace ta sai ta kotu. A nan ma a rubuta komai, a ajiye shaidar kowane biya na MoMo, wato kuɗin da aka tura ta waya.

Batun riba ban tsallake shi don na manta ba. Bashin nan mai ruwa ne, kuma malamanmu suna da magana a kan mai ci, mai bayarwa, mai rubutawa da mai shaida. Wannan ki kai shi gaban malamin da kika yarda da shi kafin ranar sa hannu.

Da ni ne ke, zan ɗauki takardar bayanin nan in zauna da Hajiya mahaifiyarku da shi ƙanen, in karanta musu adadin wata-wata da babbar murya, in ajiye takardar albashina kusa da shi. Sannan in tambayi kaina abu guda: idan ya tsaya cak a wata na shida, zan iya biyan wannan kuɗi har ƙarshe, gidana bai girgiza ba? In amsar e ce, ki sa hannu da sharuɗɗan da na lissafa. In a'a ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma akwai taimakon da bai kai wannan haɗari ba: ki ba shi ɗaukar adashinki ya ƙara a kafin alƙalami don bashin ya ragu, ko a nemo mutum na biyu a raba tsayawar kowa da iyakarsa.

In kuma kin tsaya aka gama biya lafiya, kada ki yi irin ta dattijon nan. Ki je da kanki ki karɓi wasiƙar da ke cewa an sallame ki, ki karɓo duk wani cek ko takardar izinin cire kuɗi da kika bari, ki tabbatar sun cire jinginar daga rajistar Babban Banki, sannan ku wuce DVLA a cire sunan kamfanin daga takardun motar.